Yini Guda a Hamada da Motar Tafi-da-Gidanka: Daga Sammako Zuwa Kallon Taurari

Abu na farko da ke ruɗar wanda ya shiga hamada da motar tafi-da-gidanka, irin babbar motar nan mai gado da madafa da banɗaki a ciki, shi ne jin daɗi. Ga firji, ga famfo, ga inuwa tana biye da shi duk inda ya nufa. Sai ya ɗauki biro ya jera wurare takwas ko tara da yake son gani kafin faɗuwar rana, kamar mai zagayen gari. Hamada kuwa ba ta san wannan lissafin ba. A can rana ce ke raba yini, kuma kashi uku take raba shi: daga asuba zuwa hantsi naka ne, daga walaha zuwa la'asar nata ne, sannan ta ara maka yamma da dare. In ka karɓi wannan rabon za ka ga abin da ya kawo ka. In ka yi gardama, za ka yini a bayan sitiyari kana kallon allurar zafin inji.

Zan riƙa kawo misali da wurare biyu da masu irin wannan mota ke yawan zuwa: Death Valley, wato Kwarin Mutuwa, a gabashin Kalifoniya ta Amurka, da Sossusvlei a hamadar Namib ta Namibiya. Kowanne da irin tarkonsa, amma tsarin yinin ɗaya ne a kowace hamada.

Wata, takardar haya da tsawon mota

Kafin komai, duba watan da za ka je. A Furnace Creek, tsakiyar Kwarin Mutuwa, aka auna zafin digiri 56.7 a ma'aunin Salsiyos ranar 10 ga Yuli, 1913, kuma ko a shekarar da ba a kafa wani tarihi ba, matsakaicin zafin rana a Yuli ya haura digiri 46. Lokacin yawo a can shi ne daga Nuwamba zuwa Maris. Namibiya tana kudu da tsakiyar duniya, don haka nata lissafin a juye yake: watanninta masu sanyi su ne daga Mayu zuwa Satumba.

In motar ta haya ce, zauna ka karanta takardar yarjejeniya har ƙarshe, har da ƙananan rubutun nan da ake tsallakewa. Kamfanoni da yawa suna hana shiga Kwarin Mutuwa da motarsu a watannin zafi, wasu kuma sun hana sauka daga kwalta gaba ɗaya. Ka karya sharaɗin, mota ta lalace, inshora ya zare hannunsa, kuɗin janwe da na gyara duk a wuyanka.

Sai ka rubuta tsawon motar da tsayinta da nauyinta a 'yar takarda, ka manna kusa da sitiyari. Wannan takardar ita ce ke yanke hukuncin inda za ka shiga. Hanyar Artists Drive a Kwarin Mutuwa, alal misali, ba a yarda abin hawa da ya wuce ƙafa 25 ya bi ta ba, wato mita 7.6, kuma irin wannan iyakar tana kan hanyar hawa Dante's View, wani wurin kallo a kan dutse. Gara ka san haka tun kana gida da ka je bakin hanya ka tarar da allo, babu kuma filin juya kai.

Daren jajibere

Rabin aikin gobe yau da daddare ake yin sa.

Fara da ruwa. Hukumar da ke kula da Kwarin Mutuwa tana ba da shawarar kowane mutum ya sha aƙalla lita 4 a yini, kuma wannan na sha ne kawai, ban da girki da wanke-wanke. Ku biyu ne, lita 8 ke nan. Ƙara na kwana biyu a kai don tsautsayi, ka ga an tasam ma lita 24. Abin da mutane ke mantawa shi ne, ruwan tankin mota famfon lantarki ne ke turo shi. Batir ya mutu ko famfon ya tsaya, ga ruwa fal a ƙarƙashin gado amma fito da shi aiki ne. Don haka ruwan sha ya zama cikin jarkoki ko gorori daban, a ƙasa, a ɗaure, inda rana ba ta bugu. Cika tankin shi ma, amma ka tuna kowace lita kilo guda ce. Tankin lita 100 kamar ka ɗauki wani ƙaton fasinja ne.

Sai mai. Dokata ita ce, allura ta sauko rabi, gidan mai na gaba zan tsaya, ko da a raina ina jin zai kai ni. A Kwarin Mutuwa wurare uku ake samun mai, Furnace Creek da Stovepipe Wells da Panamint Springs, kuma tsakaninsu tafiya ce. Akwai wani dalilin kuma: a motoci da yawa janareton da aka gina a jiki daga babban tanki yake shan mai, kuma an tsara shi ya mutu in mai ya sauko wajen kashi ɗaya cikin huɗu, don kada ya bar ka a hanya. Ma'ana, ƙarancin mai na iya raba ka da na'urar sanyaya ɗaki daidai lokacin da ka fi bukatarta. Yayin shan mai kuma, kashe duk abin da ke aiki da gas, har da firji.

Iskar taya da sanyi ake auna ta, kafin mota ta motsa, kuma a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe a kan kwalta mai ƙuna. Duba gefen tayar kuma: lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke jikinta suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Irin wannan mota ta fi zama a ajiye, shi ya sa za ka ga taya da haƙoranta cif, alhali ta tsufa ta tsattsage. Kada ka manta da safaya, da jak, da ɗan katako mai faɗi da za a ɗora jak a kai, don a ƙasa mai laushi nutsewa yake yi. Leƙa ruwan lagireto da baƙin mai tun inji na sanyi.

Sauke taswirar yankin a waya tun kana da sabis, sannan ka karɓi ta takarda a ofishin baƙi. Manhajar nuna hanya ba ta san motarka tan huɗu ba ce. Gajeriyar hanya kawai take nema, ko da tsohuwar hanyar masu haƙar ma'adinai ce da ruwa ya cinye shekaru da suka wuce. In muryar waya ta ce ka sauka daga kwalta, takarda kuma ba ta yarda ba, bi takarda. Faɗa wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da za ka kira shi, da abin da zai yi in bai ji ka ba. Wasu wayoyin zamani, irin su iPhone 14 da waɗanda suka biyo bayanta, suna iya aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam a wasu ƙasashe; gwada ka san yadda ake yi tun kafin bukata.

Na ƙarshe, hasashen yanayi: zafi, iska, da ruwan sama a kan duwatsun da ke kewaye, ba inda kake kaɗai ba. Zan dawo kan wannan. Sai ka kwanta da wuri.

Sammako

So ake ka isa wurin kallo minti 30 zuwa 40 kafin fitowar rana, don launin da ya fi kyau kafin ta ɓullo yake zuwa. Ƙidaya baya daga nan: lokacin tuƙi, da aƙalla minti 20 na tattara gida. Naɗe rumfa, cire wayar lantarki da tiyon ruwa, rufe tagogin rufi, ɗage matakala, kulle kowace durowa da ƙofar firji. Sannan ka zagaya motar sau biyu da tocila, sau ɗaya kana kallon sama, sau ɗaya kana kallon ƙasa. Duk wanda ya taɓa jin kwalbar mai ta fashe a bayansa a kwanar farko ba ya raina wannan zagayen.

Saka rigar sanyi. Iskar hamada busasshiya ce, babu gajimare da zai riƙe zafin da ƙasa ta tara, sai ya tsere sama cikin dare. Asuba na iya sa ka kaɗa haƙora a wurin da zai gasa ka da azahar. Tuƙa a hankali kuma, don wannan ne lokacin da namun daji ke tsallaka hanya, kuma babbar mota ba ta tsayawa nan take.

A Kwarin Mutuwa, Zabriskie Point ne wurin asuba. Yana bakin babbar hanya mai lamba 190, 'yar tafiya kaɗan daga Furnace Creek, filin ajiye mota na ɗaukar manyan motoci, sai ɗan gajeren hawa da ƙafa. Kada ka yi mamakin tarar da masu kyamara sun riga sun kafa ƙafafunsu. Kai ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Kuskuren baƙo shi ne ya fuskanci gabas yana jiran rana. Juya mata baya. Haske kan fara taɓa ƙololuwar duwatsun Panamint can ƙetaren kwari, su yi ja kamar garwashi, sannan ya riƙa saukowa sannu a hankali har ya zubo kan tuddan laka masu ruwan ƙwai da ke gabanka, kowane lungu da inuwarsa. Minti goma sha biyar ne, daga nan launin ya dusashe.

A Sossusvlei kuwa batun ƙofa ne. Akwai ƙofofi biyu a Sesriem, mashigar wurin: ta ciki ana buɗe ta kimanin awa guda kafin fitowar rana ga waɗanda suka kwana a sansanin ciki, ta waje kuma sai rana ta fito. Daga nan akwai tafiyar kusan kilomita 60 a kan kwalta. In kana son rana ta same ka a kan Dune 45, tudun yashin da aka raɗa wa wannan suna don yana kilomita 45 daga ƙofa, to tun wajen kama wurin kwana za ka yanke shawara.

In safiyarka ta faɗa kan yashi, kada ka yi gaggawar hawa. Sunkuya ka karanta ƙasa tukuna. Iska ta share allon jiya, dare ya yi sabon rubutu: ga sawun buzuzu kamar ɗinkin keke, ga na ƙadangare da layin wutsiyarsa a tsakiya, ga gajerun layuka a jere a karkace inda maciji mai tafiyar gefe ya wuce. Kafin hantsi ƙafafun mutane da iska sun goge duka. Wajen hawa, bi ƙashin bayan tudun, inda iska ta danne yashi, ka taka sawun wanda ke gabanka. Takalmi rufaffe za ka saka. Yashin da ke da sanyi a tafin ƙafa da bakwai na safe yana iya ƙona fata kafin sha biyu.

Inda za ka ajiye gidanka

A nan ne mai irin wannan mota ya bambanta da sauran masu yawon buɗe ido, don haka bari in ɗan daɗe.

Ka ajiye mota kanta na kallon mafita, tun fili bai cika ba. Ka nemi inda gilashin gaba ba zai fuskanci rana ba, ka rufe shi da mayafin nan mai ƙyalli, ka saukar da labule a ɓangaren rana. Sannan ka tabbatar ta tsaya daidai, ba a karkace ba. Firjin gas na irin waɗannan motoci ba shi da injin turawa. Ruwan sinadarin da ke cikinsa da kansa yake gangarowa ta bututu, in mota ta karkace sosai sai ya taru wuri ɗaya, sanyi ya tsaya, in aka daɗe ma firjin ya lalace. Ni kaina na taɓa barin mota a kan gangara na tafi yawon awa uku, na dawo na tarar madara ta yi tsami, man shanu ya zama miya. In babu wuri madaidaici, kashe firjin ka bar ƙofarsa a rufe, ya fi.

Rumfa kuma kada ka bar ta a buɗe ka tafi, ko iska ta kwanta luf. Guguwar hamada ba ta sallama, kuma rumfar da ta kama sai ta karya mata ƙafa.

Babbar magana ita ce yashi. Gefen hanya na iya yin kama da daɓe, alhali ɓawo ne a sama, gari a ƙasa. Kafin ka saukar da taya daga kwalta, fita ka taka da ƙafa, ka buga dugadugi. Ya nutse, mota ma za ta nutse. A Sossusvlei kwalta na ƙarewa saura kamar kilomita 5, sauran zurfin yashi ne da sai mota mai jan ƙafa huɗu. Akwai filin ajiye motoci a nan da motocin da ke jigilar mutane zuwa ciki. Ajiye taka ka hau tasu, ka je ka ga Deadvlei, farin fili mai baƙaƙen itatuwan da suka mutu shekaru ɗaruruwa amma bushewar iska ta hana su ruɓewa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In duk da haka ta kafe, cire ƙafa daga totur nan take. Kowane juyin taya a banza rami yake ƙara haƙa maka. Fita ka kwashe yashi da shebur a gaba da bayan tayoyin da ke jan mota, ka rage musu iska kaɗan don su baje, ka cusa katako ko tabarmar ƙafa a ƙarƙashi, ka miƙe sitiyari, sannan ka ja da baya a hankali a kan sawun da ka shigo. Da ka hau ƙasa mai tauri, mayar da iska kafin ka yi gudu. Shi ya sa ƙaramin famfon taya mai aiki da batir ya cancanci wuri a cikin kaya. In rana ta take, bar haƙan sai yamma.

Hantsi

Wurin da ya fi ƙasa shi ya fi zafi, don haka shi za ka fara gamawa. A Kwarin Mutuwa wannan shi ne Badwater, mita 86 ƙasa da matakin teku, wuri mafi ƙasa a Arewacin Amurka. Daga filin ajiye mota ɗaga kai ka duba jikin dutsen da ke bayanka, za ka hangi wani allo can sama yana nuna inda teku zai tsaya. Farkon hanyar ƙafafu sun daɓe ta. Sai ka yi nisa kaɗan kafin ka isa inda gishiri ya tsattsage ya yi zane mai kusurwa-kusurwa kamar saƙar zuma, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Tabarau dole ne, don hasken daga ƙasa ma yake dukan ido. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu mara nauyi, da man kare fata daga rana.

Abu biyu za ka riƙe. Na ɗaya, ido na ƙarya a hamada. Babu itace ko gini da zai ba ka ma'auni, iska kuma garau take, sai dutsen da ke nisan awa uku ya zama kamar ka miƙa hannu. Na biyu, ruwan gorarka shi ne agogonka: ya kai rabi, juya, ko saura taku ɗari ka isa. A lokacin zafi, ƙa'idar masu kula da wurin ita ce kada a yi tafiyar ƙafa a ƙasan kwari bayan ƙarfe 10 na safe.

Kada ka jira ƙishirwa. Gumi a can bushewa yake tun kafin ka gan shi, sai dai ka ga farin gishiri a wuyan riga. Riƙa kurɓa akai-akai, ka haɗa da ɗan abu mai gishiri, don ruwa zalla mai yawa ba tare da gishiri ba shi ma yana kayar da mutum. Launin fitsari ne ma'auni mafi sauƙi: ya yi duhu, kana baya.

Tsakar rana: ko ka hau, ko ka laɓe

Zafi na raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da ka hau. Dante's View yana mita 1,669 sama da teku, kai tsaye a kan Badwater, don haka bambancin kan kai digiri goma ko fiye, ga kuma kwarin gaba ɗaya shimfiɗe a ƙarƙashinka. In tsawon motarka ya ba ka dama, nan ne wurin cin abincin rana.

Sai dai hawa shi ne jarrabawar inji. Sa ƙaramar giya tun daga gindin dutse, kashe na'urar sanyaya gaba, ka sa ido kan allura. A hanyar Towne Pass, wadda ke tashi daga Stovepipe Wells kusan matakin teku zuwa mita 1,511, har alluna aka kafa masu tunatar da direbobi su kashe ta. Allura ta doshi ja, nemi wuri ka tsaya, ka bar inji na aiki a hankali, ka kunna hita har ƙarshe don ta janye zafi daga gare shi. Kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto yana da zafi. Gangarowa ma ta fi hawa haɗari: sauko da giyar da ka hau da ita, inji ya riƙe motar, birki kuma ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki, maimakon ka kwantar da ƙafa a kai. Ka ji ƙaurin birki, tsaya ya huce.

In hawa bai yiwu ba, laɓe. Ofishin baƙi na Furnace Creek na da sanyi da ruwan sha, ga ƙaton ma'aunin zafi a waje da kowa ke ɗaukar hoto da shi. Ko ka koma sansani ka jona wuta, don na'urar sanyaya ta rufi ba ta aiki sai da wutar sansani ko janareto, kuma a tsananin zafi rage wahala kawai take yi. In janareto ne, rufe tagogin ɓangaren salansa, ka tabbatar na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba na aiki, don wannan iskar ba ta da wari. Yaro ko dabba kuwa ba a barin su cikin rufaffiyar mota ko na minti biyar.

Ka kula da abokan tafiya. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ɗaurewar jijiya da zubar gumi alamun galabaita ne: inuwa, kwanciya, jiƙa jiki, shan ruwa a hankali. Amma in mutum ya fara surutai marasa kai, ko tangaɗi, ko suma, jikinsa rau, to bugun zafi ne, kuma yana kisa. Kira agaji, ka riƙa kwara masa ruwa kana fifita ba tsayawa, kada ka ɗura wa wanda ba ya hayyacinsa komai a baki.

Ruwan da ba ka ga hadarinsa ba

Baƙo na tsoron ƙishirwa, ɗan gari na tsoron ambaliya. Ƙasar hamada ba ta shan ruwa da sauri, sai ya tattaru daga duwatsu ya bi kwazazzabai da laka da duwatsu a tafe. Ranar 12 ga Agusta, 1997, mutum 11 suka mutu a kwazazzabon Antelope na jihar Arizona ta Amurka, alhali ruwan can nesa aka yi shi. Ranar 5 ga Agusta, 2022, ambaliya ta datse hanyoyin Kwarin Mutuwa ta tsare mutum kusan 1,000, ta binne motoci cikin tarkace. A Agustan 2023 kuma ragowar guguwar Hilary ta sa aka rufe wurin har Oktoba, ta bar tafki a Badwater.

Don haka busasshiyar ƙorama, komai kyan shimfiɗarta da inuwarta, ba wurin ajiye mota ba ce. Ka ga hadari a kan duwatsu, kada ka shiga matsatsin kwazazzabo. Ka tarar ruwa na tsallaka hanya, tsaya: santimita 15 na ruwa mai gudu na kayar da babba, 30 na ɗaga ƙaramar mota, 60 na tafiya da yawancin motoci, kuma ba ka san ko kwaltar da ke ƙasa tana nan ba. Yawanci jira na 'yan awanni ne.

Ƙura kuwa, in ka ga bangonta ya taso, sauka daga hanya gaba ɗaya kan ƙasa mai tauri, ja birkin hannu, cire ƙafa daga birki, kashe duk fitilu. Na baya da ba ya gani fitilarka zai bi, yana zaton tafiya kake. Iska mai ƙarfi ko babu ƙura tana tura doguwar mota gefe. Rage gudu, riƙe sitiyari da hannu biyu.

In mota ta mutu a hanya, zauna tare da ita. Ita ce inuwarka, ita ce rijiyarka, kuma masu nema sun fi saurin hango farar mota a kan mutum guda. Ruwan da kake gani yana ƙyalli can gaba kawalwalniya ce.

La'asar

Wajen ƙarfe huɗu inuwa ta fara tsawo, launi ya dawo jikin duwatsu. Wuri ɗaya za ka zaɓa, ko biyu in suna kusa. Mai gajeriyar mota ya bi Artists Drive, hanya mai tafiya ɗaya ta kimanin kilomita 14, inda ma'adinai a cikin tsohuwar tokar aman wuta suka rina tsauni ja da kore da shunayya; hasken yamma ne ke fito da su, da tsakar rana duk fari-fari suke. Mai doguwar mota kuwa ya nufi tuddan yashin Mesquite Flat kusa da Stovepipe Wells.

Don sanin sauran rana, miƙa hannu, ka jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗi: kowane yatsa kamar minti 15 ne. A kwari ka auna da kan dutse, don rana na ɓuya bayansa tun kafin lokacin da waya ta faɗa. Ka bar wa kanka isasshen haske na isa masauki. Ja da baya da babbar mota cikin duhu, tsakanin duwatsu da ramuka, shi ne inda ake fasa fitilar baya a kuma yi faɗa da abokin tafiya.

Dare

Daidaita mota, kunna firji, duba abin da ya rage a tanki da batir, goge ƙurar farantan sola in akwai. Ruwan wanke-wanke da na banɗaki sai a wurin da aka tanada ake zubarwa. Shara ta koma cikin mota, dutse da ice su tsaya inda ka gan su. A wasu hamadun, kamar na jihar Yuta ta Amurka, baƙin ɓawon da ke kan ƙasa abu ne mai rai da ke riƙe ta, kuma taku ɗaya na ɓata aikin shekaru. Taka inda aka riga aka taka.

Sannan ka kashe duk fitilu, har da na waya, ka fitar da kujera. Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma leƙa allon waya sau ɗaya na mayar da kai farko. In dole sai da haske, jar fitila ce ba ta ɓata gani. Tun 2013 aka sanya Kwarin Mutuwa cikin wuraren da ake kare duhun samaniyarsu, kuma a daren da babu wata za ka ga farar hanyar taurari ta ratsa sama daga dutse zuwa dutse. In kana da 'yar tocila mai shuɗin hasken nan da ake duba takardar kuɗi da shi, haska ƙasa kewaye da kujerar: kunama na ƙyalli kore a ƙarƙashinsa. Kada ka sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Shigar da takalma cikin mota, wanda ya kwana a waje kuma a kife shi a kakkaɓe kafin a zura ƙafa. Cika gororin gobe, buɗe tagar rufi iskar dare ta shigo, ka saita agogo.